LAFIYA UWAR JIKI: Masu awon jini da majina

A babbar likita ta Agadas akwai wani ɗaki da ake kira laburatuwar. Nan ne ake awon jini, da fitsari, da bayan gida, da majinar ƙirji. Ma'aikatan wannan ɗaki ba su ba da magani. Amma da takardarsu lokotoro yake aiki. In takarda ta yi ƙarya, magani ma ya kauce.

Shi ya sa suke da tsanani. Makiyayi ya taso daga Ingal, ko mai garka ya sauko daga Tabelot, ya kawo majina cikin kwalba. Sai a ce masa wannan ba ta yi ba, ya kawo wata gobe da asuba. Sai ya yi fushi, ya ce wulaƙanci ne. Ba wulaƙanci ba ne. Sau da yawa miyau ne ya tofa, ba majinar da ta fito daga ƙirji ba. Ƙwayar tarin fuka ba ta cika fitowa a miyau ba. In aka auna haka nan, takarda za ta ce babu ciwo. Mutum ya koma zangonsa yana tari cikin bukka, ƴaƴansa suna shaƙa. Alhali ciwon yana da magani, na wata 6, kuma ana warkewa.

Haka ma masassarar cizon sauro. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a auna jini kafin a ba da magani, don ba kowace masassara ce ta sauro ba. Akwai ɗan abin awo na roba da ake ɗiga masa jinin yatsa. Ana jira minti 15 zuwa 20. Wanda ya duba da wuri zai iya cewa babu, alhali akwai. Kuma abin nan ba ya son zafi. Da yawansu ana so a ajiye su ƙasa da awo 30, a Agadas kuwa zafin bazara yana wuce 40. Kwalin da ya wuni a rana bayan mota, ma'aikacin kirki ba ya yarda da shi.

Ma'aikatan su ma ana auna aikinsu. Ɗan gilashin da aka shafa wa majina, aka duba a madubin likita, ba a jefar da shi. Ana ajiye shi da lamba. Daga baya a zaɓi wasu, a ba wani ma'aikaci ya sake dubawa, ba tare da ya san abin da na farko ya rubuta ba. Sabon ma'aikaci yakan ji kamar ana zarginsa. Wanda ya daɗe yana aiki ya san ido yana gajiya, ƙura kuma tana shiga madubi lokacin hunturu. Shi ya fi so a gano kurensa a gilashi, kafin ya kai ga marar lafiya. Kukansu wani ne dabam: yawan rubutu a rijista, da ɗaukewar wuta, da nisan Yamai, kusan kilomita 1000. Can ne cibiyar CERMES take, wadda ke tabbatar da awon sanƙarau na ƙasa. Kukan nan yana da gaskiya. Amma rijistar da suke kuka da ita, ita ce ke nuna ranar da ruwan rini ya tsufa, da wanda ya yi awo.

Sai maganar suna. A layi guda ana iya samun Musa uku da Fatima huɗu. In kwalba ta canza hannu, mai lafiya ya sha maganin wani. Don haka duk wanda ya je awo ya faɗi sunansa, da na ubansa, da garinsu. Ya tsaya ya ga an rubuta a jikin kwalba. In an ce ya zo bai karya ba, kada ya sha ko shayi. Ranar karɓar takarda kuma, wanda ya yi karatun yaƙi da jahilci ya duba sunan da ke sama kafin ya kai wa lokotoro.