Malami Ya Kamata Ya Iya Riƙe Sifana

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in yi magana a kan wani abu da ke cinye albashin malamai, wato ladan makanike. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 kome ya yi tsada, makanike kuwa shi ma yana da iyalin da zai ciyar, tilas ya ƙara kuɗin aikinsa. Ban ga laifinsa ba. Amma a ganina, da yawa cikin ayyukan da a ke kai masa, mai abin hawa zai iya yinsu da hannunsa.

Mu da ke shirin barin kwaleji, yawancinmu ƙauye za a tura mu, inda gareji ya ke da nisa. Wanda Allah ya hore wa babur ko tsohuwar mota, in bai iya goge fulogi ba, ran da ta ƙi tashi yara za su zauna a aji ba malami. Duba baƙin mai, da canja fiyus, da goge kan batir, da sauya taya, duk ana koyonsu a yini ɗaya. Sai dai a kiyaye abu uku. In za a cire batir, a fara kwance wayar da ke gefen alamar ragi. Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, gama ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska. Kada kuma a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita.

Waɗansu za su ce motocin yanzu ba irin Peugeot 504 ba ne, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Gaskiya ne, na yanzu kwamfuta ke sarrafa injinsu, sai an sa na'ura kafin a gane ciwonsu. Saboda haka inji, da birki, da sitiyari, a bar wa masu sana'a, a biya su ba gunaguni, don kada a yi gyaran gangar Auzinawa, ko a yi hasarar rai garin tsimin kuɗi.

Abin da ke hana mu koyo ba wuya ba ce, girman kai ne. Mai takarda yana ganin baƙin mai zai rage masa daraja. A makarantar mishan da na yi, da fartanya da littafi tare aka ba mu. Mai son koyo ya tafi gareji ran Asabar, ya tsuguna kusa da makanike, ya zuba ido, ya yi tambaya.