Kafin Mu Biya Kuɗin Bugu, Mu Gwada Takarda



Mu nan Yasore, littattafan Kano na shekarun 1990 da muka gada wajen yayyenmu duk sun yi ja, suna karyewa kamar busasshen ganye. Amma Alƙur'anin hannu na kakanninmu, mai tawadar bagaruwa da ƙaro, har gobe ana karatu da shi. Takarda mai arha irin ta jarida ba ta jure rana da iska.

Don haka kafin mu biya maɗaba'a, mu karɓi falle ɗaya mu raba biyu: rabi a taga mako biyu, rabi cikin akwati. In na tagar ya sauya launi, mu nemi wata takardar, ko da za mu rage yawan kwafi. Gara ɗari biyar da jikokinmu za su karanta.

Allah Ya sa mu dace.