Itacen Ud da Masu Sayar da Shi a Takarda

Duk wanda Allah ya nufa da sauke farali, ya kuma sami sukunin zagaya kasuwannin Makka da Madina bayan ya gama ibadarsa, da wuya a ce bai taɓa tsayawa a kantin masu turare ba, inda mai kanti zai ɗauko ɗan guntun itace baƙi wanda bai fi ɗan yatsa ba, ya ɗora shi a kan garwashi, ya miƙo kasko domin alhaji ya tara hayaƙin cikin rigarsa, sa'an nan ya faɗi kuɗin da zai sa mutum ya sake duban itacen da kyau. Wannan shi ne ud, wanda mutanen Asam ta ƙasar Indiya ke kira agar, mutanen Malesiya da Indunisiya kuma suke ce masa gaharu. Darajarsa daɗaɗɗiya ce ƙwarai. Ya zo a cikin Sahihul Buhari cewa shi ne turaren 'yan Aljanna, an kuma ruwaito a Sahihu Muslim cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, yakan yi turare da shi, yana mai danganta hakan ga aikin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, akwai kamfanoni a ƙasashen gabashin Asiya waɗanda sana'arsu ita ce su karɓi kuɗin mutum, su ce sun shuka masa itatuwan ud guda kaza a wata gona da ke Tailan ko Siri Lanka ko Malesiya, su ba shi takarda mai hatimi, tare da alkawarin cewa bayan shekara bakwai ko goma za a sare itatuwan a ninka masa dukiyarsa. Tallarsu kuwa tana yawo a wayoyin hannu, ba ruwanta da iyakar ƙasa, kuma mutanenmu, da yake sun san tsadar ud da hancinsu da aljihunsu, suna cikin waɗanda irin wannan magana ta fi saurin shiga zukatansu. Ra'ayina a kan wannan mas'ala shi ne, noman ud sana'a ce ta gaskiya mai fa'ida ga manomin da ke kwana kusa da itacensa, amma wanda ya sayi itace daga nesa a kan takarda, galibi ya sayi garari ne da kuɗinsa.

Kafin a yi hukunci sai an san haƙiƙanin abin. Itacen da ke ba da ud, wanda masana tsirrai ke kira Akwilariya, idan yana cikin ƙoshin lafiya fari ne, mara nauyi, ba shi da wani ƙamshi, har ko katako mai kirki ba a samu a jikinsa. Sai fa idan ya sami rauni, ko dai ƙwaro ya huda shi, ko iska ta karya masa reshe, ko tsawa ta faɗa masa, sa'an nan wani irin naman gwari ya shiga cikin raunin, a nan ne itacen yakan fitar da wani ƙaro baƙi domin ya kare kansa daga cutar, ƙaron nan ya riƙa ratsa jijiyoyin itacen sannu a hankali, shekara bayan shekara, har wurin ya yi duhu ya yi nauyi. Wannan ɓangare da cuta ta taɓa shi kaɗai ne ud. A dawa, masana suna ƙiyasta cewa itatuwan da ke yin haka ba su wuce ɗaya cikin goma ba, kuma mafi kyawunsu sukan ɗauki shekaru da dama suna tara ƙaron kafin su kai matsayin da idan aka jefa guntunsu cikin ruwa zai nutse, wanda shi ne ma'aunin da Sinawa suka daɗe suna gane na ƙwarai da shi, har suka sa masa suna mai ma'anar ƙamshi mai nutsewa. Ashe ke nan wanda ya mallaki itace dubu masu lafiya bai mallaki ud ko na ƙwandala ba tukuna.

Da yake ba a iya sanin abin da ke cikin itace sai an sare shi, mafarautan ud sun yi ta kayar da mai cuta da mara cuta baki ɗaya, har dazuzzukan Asam da Biyetnam da Kambodiya da tsibiran Indunisiya suka kusa ƙarewa. Saboda haka a 1995 aka sa nau'in da ya fi shahara cikin jerin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsare cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ɓacewarsu, a 2004 kuma aka haɗa da sauran danginsa duka, ta yadda yau ba a fitar da ud domin ciniki daga wata ƙasa zuwa wata bisa doka sai da takardar izini. Ƙarancin na dawa shi ya haifar da noma. Mutanen Sujanagar da ke yankin Silet na Bangaladash sun daɗe suna kafa wa itacen ƙusoshi daga gindi har sama domin su ji masa rauni. Daga baya wani masani na Jami'ar Minesota ta Amurka, Robert Blanchette, ya gwada wata dabara a Biyetnam ta huda itacen a zuba masa magani, masanan ƙasar Sin su ma suka fito da tasu hanyar ta ɗura wa itacen ruwan magani ya bi jijiyoyinsa. Bisa al'ada ana jiran itacen ya kai shekara biyar zuwa takwas kafin a yi masa wannan aiki, sa'an nan a ƙara jiran shekara biyu ko uku kafin sara.

Ba na musun cewa an yi arziki da wannan itace, kuma ana kan yi. Garin Hojai na jihar Asam ya zama cibiyar tatsar man ud, daga can ne kuma Alhaji Ajmal Ali ya fara tijararsa, wadda ta zama kamfanin turare na Ajmal da aka kafa a 1951, ya bunƙasa har ya koma Dubai, yau kuma kantunansa sun bazu a ƙasashen Larabawa. Gwamnatin Asam ta fitar da manufa ta musamman domin ƙarfafa noman ud a 2020, maƙwabciyarta Tirifura ta bi sahu a 2021. Amma a duba da kyau a ga su wane ne suka ci ribar. Akwai ƙaramin manomi wanda ya shuka itace ashirin ko hamsin a bayan gidansa ko a gefen gonar shayinsa, bai ci bashi ba, bai daina noman abincinsa ba, itacen yana nan tamkar saniyar da aka ajiye domin ranar aurar da 'ya. Akwai mai sassaƙa wanda ke zaune da ɗan ƙaramin kurfi yana fere farin itace har ya bar baƙin, akwai mai tukunyar tatsar mai, akwai kuma dillalin da zai shinshina guntu ɗaya ya gaya maka ƙasar da ya fito da darajar da zai samu a Dubai ko Riyad. Dukkansu abu guda ya haɗa su, watau suna ganin hajar da idonsu, suna kuma da ilmin rarrabe ta.

Mai saye a takarda ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma a nan ne lissafin 'yan talla yake cin mutane. Za a ce maka kilo guda na ud yana kaiwa dala dubu ɗari, a ce kowane itace zai ba da kilo kaza, a ninka wannan da wancan, sai adadi ya fito wanda zai hana mutum barci. Ana ambaton irin wannan farashi, gaskiya ne, amma na tsohon ud ne na dawa, irin wanda Japanawa ke kira kyara, wanda sarakuna da manyan attajirai ke ajiyewa kamar yadda ake ajiye zinariya. Wanda aka ɗura wa magani aka sare bayan shekara biyu, ƙaronsa siriri ne, sau da yawa bai wuce kaurin fata ba a kewayen ramin da aka huda, mafi yawansa kuma ba ya isa a sayar da shi guntu-guntu, sai dai a niƙa a jiƙa a dafa domin man da ke fita kaɗan-kaɗan, wanda ake aunawa da tola, ita kuwa tola ba ta cika giram goma sha biyu ba. Tsakanin darajar farko da ta ƙarshe akwai matakai masu yawa, ba kuwa wata hukuma a duniya da ta tsayar da ma'auni guda wanda kowa ya yarda da shi. Hancin mai saye da bakinsa su ne alƙali. To, idan ranar sara ta zo, kamfanin da ya shuka shi ne zai sare, shi zai auna, shi zai faɗi daraja, sau da yawa ma shi zai saya, alhali mai dukiya yana Kano ko Damagaram yana jiran saƙo, da wace hujja zai yi jayayya?

Wannan fa idan an kai ranar saran ke nan. Shekara goma lokaci ne mai tsawo ga itacen da tsutsa ke iya cinye ganyensa tas a 'yan kwanaki, wanda saiwarsa ke ruɓewa idan ruwa ya kwanta a gona, wanda kuma maganin da ake ɗura masa yakan kashe shi idan ya yi yawa, ya kuma tashi a banza idan ya yi kaɗan. Ɓarayi ma suna nan. A Hong Kong, inda ake cewa sunan birnin kansa daga cinikin itacen ƙamshi ya samo asali, har shingen ƙarfe hukuma ta kewaye wasu manyan itatuwa da shi saboda masu saran dare. Sa'an nan ga kasuwa. An shuka miliyoyin itatuwa a Indiya da Sin da Tailan da Biyetnam cikin shekarun nan, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da ke faruwa da farashi ranar da kowa ya kawo kaya iri ɗaya. Ana kafa hujja da cewa Turawa sun shiga son ud tun da kamfanin Yves Saint Laurent ya fitar da turarensa M7 a 2002, Tom Ford kuma ya biyo da Oud Wood a 2007, sai dai mafi yawan turarukan kwalba da ke ɗauke da sunan ud a yau, ƙamshin nasu haɗin ɗakin bincike ne, bai ratsa ta gonar kowa ba.

Tarihi ma ya riga ya ba da shaida. A shekarun 1990 kamfanoni sun cika Indiya da tallar itacen tik a takarda, da alkawari irin wannan sak, har kamfanin Anubhav na birnin Madras ya rushe a 1998 da dukiyar dubban mutane, abin da ya sa hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ƙasar ta kafa dokoki na musamman a kan irin wannan tara kuɗi a 1999. A Siri Lanka kuma kamfanin Touchwood, wanda ya sayar wa jama'a itatuwa masu tsada, har da ud a Tailan, kotu ta ba da umurnin a rufe shi a 2014. Illar da ke cikin tsarin ita ce, tun da ba a sa ran amfani sai bayan shekaru, kamfani yana iya rayuwa tsawon lokaci da kuɗin sababbin shiga ba tare da kowa ya gane gonar ta lalace ba, ko ma an sayar da itace guda ga mutum uku. Wanda ya ga yadda shirin tara kuɗi na MMM ya ƙare da mutane a Nijeriya a ƙarshen 2016 ya san wannan hanya, illa dai a nan an lulluɓe ta da ganye.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar wannan babi a buɗe ba. Shari'a ta hana cinikin garari, watau sayen abin da ba a san samuwarsa ko sifarsa ko adadinsa ba, ta hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana, ta kuma hana sayar da amfanin itace na shekaru masu zuwa. Idan an hana sayar da dabinon da ake gani a bisa kansa don kawai bai fara ja ba, ina ga ƙaron da bai samu ba tukuna, wanda samuwarsa ta rataya a kan cutar da ba a tabbatar za ta kama ba? Idan kuwa kamfani ya ce ya lamunce riba tsayayya ko itace ya yi ko bai yi ba, to mu'amalar ta tashi daga tijara ta koma rance mai jawo amfani, hukuncin wannan kuwa sananne ne ga ƙaramin ɗalibi. Mazhabarmu ta Malikiyya ta san mugarasa, inda mai ƙasa ke ba wani ya dasa itatuwa su raba bisa kaso sananne, ta san ƙirali, inda mai dukiya da mai aiki ke tarayya a riba, hasarar dukiya kuma ta hau kan mai ita. Amma duka biyun an gina su ne a kan sharuɗɗa bayyanannu da amanar da ake iya bincika. Ban ce kowane kamfani maƙaryaci ne ba, kuma fatawa ta malamai ce. Abin da na sani shi ne mai niyyar shiga ya wajaba ya kai takardar yarjejeniyar gaban malami da lauya tun kuɗinsa yana hannunsa, ya tambayi sunan wa ke kan ƙasar, ko dokar wurin ta yarda baƙo ya mallake ta, wa ke da izinin fitar da kaya, kuma wa zai sayi amfanin idan kamfanin ya mutu.

Saura masu cewa a kawo irin a shuka a nan gida. Itacen nan ɗan dazuzzuka masu ruwa ne, yana son damina mai zubar da abin da ya kai milimita dubu biyu ko fiye a shekara, da iska mai laima, da inuwa yayin ƙuruciyarsa, alhali ruwan Kano ko rabin haka ba ya cika kaiwa a yawancin shekaru, balle Sakkwato ko Maraɗi, ga hunturu mai busar da fatar mutum, ga bazara a bayansa. Irinsa ma ba ya jure ajiya, 'yan makonni kaɗan yake yi ya mutu. Idan akwai inda ya dace a gwada shi a ƙasashenmu, sai kurmin kudancin Nijeriya ko na Kamaru, gwajin kuma aikin cibiyoyin binciken daji ne da attajiran da za su iya jure hasarar shekara goma, kada a ɗora shi a kan kuɗin sallamar ɗan fansho ko gadon marayu. Wanda kuwa yake son ya ci abinci da ud a ƙasar Hausa, ƙofar da na ga ta fi kusa da shi ita ce ta fatauci: ya zauna wurin masu sana'ar ya koyi rarrabe na ƙwarai da wanda aka shafa wa baƙin mai ko aka cusa wa dalma domin ya yi nauyi, ya fara da kaɗan, ya sayar wa masu haɗa turaren wuta da humra na Maiduguri da Kano, waɗanda ba su rasa masu saye muddin ana ɗaura aure ana raɗa suna.