Kafin a Rushe Zauren Kaka



A hutun da ya wuce na je gida Isa, na tarar ana shawarar rushe zauren kakanmu a ɗora shaguna na bulo da kwano. Baffana ya ce ginin ƙasa ya zama tsohon yayi. Amma abin mamaki, da rana ta take, duk mutanen gidan a zauren nan suke fakewa, har shi Baffan, domin ɗakin kwano ba ya zaunuwa a watan Afrilu.

Na tambayi wani tsohon magini dalili. Ya ce kaurin bangon tubali ne ke tare zafi da rana, ya sake shi da dare. Ya nuna mini azarar giginya da aka yi rufi da ita, wadda gara ba ta cika ci ba, da bakan gizon da ke ɗauke da nauyin soron, da indararon da ke zubar da ruwa nesa da bango, da makubar ɓawon ɗorawa da ake shafawa don kada damina ta zaizaye shi. Zankwayen da ke saman kusurwoyi kuwa, su ne adon gidan mai hali.

Wannan ilimi ba a littafi yake ba, a hannun magina yake, kuma tsufa suke yi. Ginin ƙasa kuma kullum yana bukatar mai shi. In aka shekara biyu ba yaɓe, sai ya fara zubewa. Ku dubi Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kusa da Sabon Birni: kufai kawai ya rage. Yau ma ƙauyukan da rashin tsaro ya kori mutanensu, haka gidajensu ke narkewa a ruwan sama.

Ba na cewa a ƙi siminti. Amma kafin a sa gatari, ɗauki wayarka ka yi hoton zaure da shigifa da rumbu, ka zauna da magini ka rubuta sunan kowane sashe. Masu karatun zanen gini, ga aikin bincike a ƙofar gida.

Zaurenmu dai Baffa ya ɗaga masa ƙafa zuwa kaka. Ni na ɗauki nauyin kwaɓa ƙasar yaɓe.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.