ZAGA GARI: Sallar Gani a birnin Daura

Mutumin Ɗan Barto ba baƙo ba ne a Daura. Da ya wuce duwan, ya taka Kongolam, to sauran tafiya kaɗan ce. Masu kai bisashe kasuwar Mai'aduwa sun san hanyar tun suna yara. Amma da yawa ciniki ne ke kai su. Ba su taɓa tsayawa sun kalli garin ba. Lokacin da ya fi dacewa da kallo shi ne Sallar Gani.

Ana yin Gani cikin watan Rabi'ul Awwal, watan haihuwar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Tsofaffi na kiransa watan Gani. Buzayen Ayar ma da wannan suna suke kiran nasu bikin Mauludi.

Daura tsohon birni ne mai ganuwa. Kakanni sun gina ta da jar ƙasa don tsoron hari, da dare a rufe ƙofofi. Yau ruwan sama ya cinye ta a wurare da yawa, gari kuma ya tsallake ta. Wanda ya ga abin da ya rage na ganuwar Sarki Tanimun a Damagaram zai gane irin aikin.

Baƙo ya fara da rijiyar Kusugu. Labarin da aka gada ya ce wani maciji mai suna Sarki ya hana ɗiban ruwa sai ran Juma'a. Bayajidda ya sauka garin da dare, ya nemi ruwa, babu. Ya je rijiyar ya sare kan macijin. Sarauniya Daurama ta aure shi, suka haifi Bawo. Daga nan ake lissafa Hausa Bakwai: Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram. Malaman tarihi suna gardama kan labarin. Rijiyar dai tana nan, an gina mata ɗaki, kuma har yanzu ana jefa guga a sha.

Akwai wani abin da ya shafi mutanen wannan yanki. Wajen 1805, lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya ci Daura. Sarakunan Haɓe suka fita, zuriyarsu ta zauna Zango da Baure, ta jingina da Damagaram. Sai a 1906 Turawan Ingila suka maido Malam Musa kan gadon kakanninsa. Sarkin yanzu, Alhaji Faruk Umar Faruk, ya hau a 2007. Ashe zumuncin ya girmi iyaka.

Ranar hawa hakimai na shigowa daga ƙasashensu, kowa da dawakinsa da makaɗansa. Ga 'yan lifidi, ga dogarai da ja da kore, ga 'yan bindiga suna ta ɓarin albarushi. In aka ji kakaki da tambura, sarki ya fito. A ƙofar fada mahaya kan sako dawaki a guje, su ja linzami gaban sarki, su ɗaga hannu su yi jinjina. Nan ne daɗin kallo, nan ne kuma hatsari. Doki da ya ji bindiga bai san yaro ba. Mai ɗa ya riƙe hannun ɗansa, ya tsaya bayan dogarai.

Sai dai a lura da wani abu. Watan Musulunci na matsowa da kwana 11 kowace shekara. A 2025 Mauludi ya faɗo farkon Satumba, gero na tsaye cikin gona. Shekarun da ke biye zai ƙara shiga tsakiyar damina. Makiyayin da ya tafi kallo ya bar wa ƙananan yara garke, ya ɗauko wa kansa magana. Shanu su faɗa gonar maƙwabci, a yi ɓarna, a kai ƙara gaban maigari, a biya diyya, wani lokaci har da sanda da jini. Kallon yini guda bai kai wannan ba. A bar babba a gida, ko a yi karɓa-karɓa: wa ya je bana, ƙane ya je baɗi. Manomi kuma kada ya ci bashi kan hatsin da bai girbe ba don kuɗin mota da sabuwar riga. Ɗan kasuwar da ya ba da jaka cikin damina, da kaka ba jaka zai karɓa ba.

Batun iyaka ma ba wasa ba ne. An rufe ta a 2023, aka buɗe a watan Maris na 2024. Mai tafiya ya tambayi jandarma halin da ake ciki kafin ya tashi. Ya riƙe katin shaidarsa, ya bi babbar hanya, ya bar hanyar daji. Ya canji sefa kaɗan zuwa naira gwargwadon buƙata, sauran ya bar shi gida, don 'yan sane ma suna zuwa Gani. Wanda ke da dangi a Daura ya aika musu tun da wuri, saboda masauki na wuya ranar hawa.