Bunsuru ba ya ɗauke haƙƙin maƙwabci

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan malamai da tarukan ƙungiyoyin al'adu. Wai Yahudawa da Kirista sun sauƙaƙa wa kansu sha'anin zunubi: waɗancan su ɗora wa bunsuru, waɗannan su ɗora wa Yesu, kowa ya kaɗe rigarsa ya yi gaba. Galibi akan faɗe ta da murmushi in an zo bayanin kalmar Faransanci bouc émissaire. Maganar ba ta da tushe. Ta gama addinai biyu da suka saɓa, ta kuma laƙa musu abin da littattafansu suka hana.

Asalin bunsurun yana cikin Attaura, babi na 16 na Littafin Firistoci. Sau ɗaya a shekara, ran goma ga wata na bakwai, babban firist yakan jefa ƙuri'a a kan bunsuru biyu. A yanka ɗaya, a shiga da jininsa wuri mafi tsarki. Ɗayan kuwa firist ya ɗora masa hannu, ya furta laifuffukan jama'a, a kora shi daji. Ranar ita ce Yom Kippur, kuma saiwar sunan a Ibrananci ƴar'uwa ce ga saiwar Larabci da ta haifi kalmar kaffara. Amma kama da wane ba wane ba ne.

A shekara ta 70 sojojin Rum ƙarƙashin Titus suka ƙone Haikalin Ƙudus, hadaya ta tsaya. Kusan shekara dubu biyu ke nan babu bunsurun da aka kora daji. Malaman Yahudawa suka tsayar da tuba da addu'a da sadaka a gurbin jini. Mishna, kundin da aka haɗa wajen shekara ta 200, ya yanke hukunci a sashen Yoma cewa ranar tana shafe abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ne kawai. Abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa yana nan daram, sai ya je ya nemi yardarsa. Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya ƙara da ma'auni mai tsanani: tuba ba ta cika sai mutum ya sake samun damar laifin, da ƙarfinsa, ya kame. Ina tuban muzuru a nan?

Kirista sun bi wata hanya daban. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa ta ɗauki Yesu a matsayin babban firist kuma hadaya, wanda ya miƙa kansa sau ɗaya tak. Yadda mutuwarsa ke kawo sulhu kuwa, su kansu ba su yi baki ɗaya ba. Magabatan Ikilisiya da dama sun gan ta a matsayin nasara a kan mutuwa da Shaiɗan. Anselm na Kantabari, a littafin da ya kammala a 1098, ya ce zunubi bashi ne da ɗan Adam ya ci, ba ya kuma iya biya, don haka sai wanda yake Allah kuma mutum ya biya. Abelar, a ƙarni na 12, ya fi ba da ƙarfi ga ƙaunar da gicciye ke farkarwa a zuciya. A nan ne saɓanin yake na gaskiya. Bayahude na ganin mai laifi zai iya komawa da ƙafarsa ba tare da matsakanci ba, Kirista na ganin ba zai iya ba sai an zo an ɗauko shi. Wanda ya rufe wannan rata da kalmar judéo-chrétien ya huta da tunani ne kawai.

Mai gardama zai ce: in an riga an biya bashin, me zai hana mutum sakewa? Tambayar tana da nauyi, amma Kirista sun riga shi yin ta. A kanta Luta ya tayar da ƙura a 1517, da ya ga ana sayar da takardun sassauci. A kanta Bonhofa, faston Jamus da ƴan Nazi suka rataye a 1945, ya yaƙi gafarar da ba ta neman komai daga mai karɓarta. Linjilar Matiyu ta umarci mai kai baiko ya aje shi, ya fara shiryawa da wanda ya ɓata wa. A Linjilar Luka, Zakiyus mai karɓar haraji ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta.

Littafin da Simon Wiesenthal ya fitar a 1969 ya nuna inda hanyoyin biyu ke rabuwa a aikace. Yana fursuna a sansanin Nazi aka kai shi gaban wani sojan SS da ke bakin mutuwa, wanda ya sa hannu wajen ƙone Yahudawa cikin wani gida, yana roƙon gafara. Wiesenthal ya fita bai ce uffan ba. Daga cikin masanan da suka amsa tambayarsa daga baya, Kirista da yawa sun karkata ga yafewa. Yahudawa da yawa suka ce ba mai ikon yafe jinin da ba nasa ba. Babu ɓangaren da ya ɗauki laifin da wasa.

Abin lura shi ne, ma'anar da bouc émissaire ke ɗauke da ita yau, wato ɗora wa marar laifi laifin wani, ba ibadar kowa ba ce. Halin taron jama'a ne. Sai a 1965 majalisar Batikan ta biyu ta fito fili ta ƙi ɗora wa Yahudawa baki ɗaya alhakin mutuwar Yesu, bayan ƙarnuka ana zubar da jininsu da wannan hujja. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen da aka yi a Paris, wanda Kiristan Nijar ba su da hannu a ciki.

Ba a nemi malami ya gaskata aƙidar kowa ba. An nemi ya faɗe ta yadda masu ita za su ji su ce haka take. Yaron da aka koya wa cewa maƙwabcinsa ba ya jin nauyin laifi, ba zai ji nauyin zaluntarsa ba.