Kwarkwatar Mara: Kunya Ta Fi Ƙwaron Illa

A Kanya Babba, kamar sauran garuruwan ƙasar Babura da Kazaure, akwai cutar da mai ita ya gwammace ya sha wahala a ɓoye da ya ambaci sunanta. Wannan ita ce kwarkwatar mara, wadda masana kimiyya suke kira Pthirus pubis.

Ita dai wannan kwarkwata ba ta wuce milimita 2 ba, kuma siffarta kamar ta ƙaguwa ce. Da ƙafafunta masu ƙumba take riƙe gashi mai kauri, wato na mara, da hamata, da gemu, wani lokaci har gashin ido. Abincinta jinin mutum ne. Alamominta su ne ƙaiƙayi mai tsanani, musamman da dare, da ƙwayaye manne a gindin gashi, da baƙin ɗige-ɗige a wando. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin mako guda, amma idan ta rabu da jikin mutum ba ta kwana biyu a raye. Saɓanin kwarkwatar tufafi, ita ba ta yaɗa wata cuta.

Ke nan haɗarin ba daga ƙwaron yake ba, daga kunya yake. Kunya ce take sa mutum ya shafa kalanzir ko ota-fiya-fiya a jikinsa, alhali wannan guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini. Haka kuma zargi yakan kashe aure. Gaskiya ne galibi ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, amma shimfiɗa ko tawul na haɗaka ma kan ɗauko ta. Don haka ganinta ba hujja ba ce ta yanke wa kowa hukunci.

Maganinta kuwa mai sauƙi ne: man fametirin mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, a shafa, a wanke bayan minti 10, a sake bayan mako guda. A wanke tufafi da zanin gado da tafasasshen ruwa. Lalle ne maigida da matansa duka su yi maganin a lokaci ɗaya. Aske gashin mara tsafta ce, amma shi kaɗai ba ya isa. Wadda ta shiga gashin ido kuwa, sai a tafi asibiti.

Mai ɓoye ciwonsa, ciwo ne zai tona shi. Ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙe sirrin majinyaci, shi kuwa ya cire kunya ya faɗi abin da ke damunsa.